Goggo ta dafe mini magani

Na dawo daga barka na tarar da Goggo, ƙanwar babana, tsugune gaban murhuna tana juya tukunya. Kabejina, karas ɗina, har kokwambar da na wanke da safe, duk suna ciki, manja na iyo a kai.

Kirci ne ya addabe ni, nakan sosa wuya har jini. Man shafawa ya fi ƙarfinmu, sai na ce bari in gwada cin ɗanyen kayan lambu, in bar soye-soye. Maigidana ke sayo mini su da araha wurin masu fadama in ya je aiki Kalgo, don a nan Gwandu ba su taɓuwa. Har ƙaiƙayin ya fara lafawa.

Na ce, "Goggo, ɗanye fa nake cin su, saboda fatata."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗiyar ɗan'uwana ba ta tauna ganye kamar akuya ina raye. In itace ya gagari mijinki, ki faɗi. Na riga na aika wa babanki."

Yanzu haka maigidan nawa, bawan Allah, yana zauren Baba ana tuhumarsa da barina da yunwa, mutumin da ke ɗauro kaya a babur tun daga Kalgo don in daina susa. Har an aiko mana da gero.

Raina a ɓace yake. Ku faɗa mini, sai ciwo ya kwantar da mutum kafin dangi su yarda ciwo ne?