Gawar da Ta Jira a Ƙofar Gida

Ni ba ɓarawo aka haife ni ba. Mai gyaran famfo ne ni a Kafanchan, da mata da yara, har ganga nake kaɗawa a majami'a. Makaranta ban yi nisa ba, don haka kada wani ya zo yana gyara mini rubutu. Ku dai ku ji, ku samari, musamman masu yawo da makullan gidajen mutane a aljihu kuna kiran kanku ejan.

Akwai wata nas 'yar unguwarmu, Sista Rifkatu, tana aiki a Kaduna. Ta gina wa babanta gida mai kyau a nan unguwar. Baba Bulus tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, da ciwo ya kwantar da shi sai ta ɗauke shi zuwa wurinta. Ranar tafiya tsohon ya nuna mini akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa. Ya ce rigarsa ta aiki da hularsa ne a ciki, da su za a binne shi, kada in bar gara ta taɓa. Na ce ya kwantar da hankalinsa. Aka ba ni makulli.

Da Disamba ta zo, otal-otal suka cika da masu dawowa Kirsimeti da 'yan biki. Wani ya tambaye ni ko na san inda baƙinsa za su kwana biyu. Na dubi gida a rufe, na ce a raina, ai gado ba ya ƙarewa don an kwanta a kansa. Daga nan ido ya buɗe. Wannan ya gaya wa wancan, na ajiye sifana da bututu, na zama mai masauki a gidan da ban sa bulo ko ɗaya ba.

Unguwa kuwa ta shiga uku. Motoci su tare hanya, sifika ta hana jarirai barci. Mama Laraba, gwauruwar da ke katanga ɗaya da gidan, kullum sai ta tsince fasassun kwalabe a cikin cittar da ta shanya. Mai unguwa ya tara mu, aka yanke cewa ba mai ba da gida hayar kwana biyu sai da yardar mai shi, a kai baƙin gaban mai unguwa ya gan su, a kuma kashe kiɗa idan mutane sun shiga ɗaki. Na miƙe na ce hassada ce kawai, na rantse Sista ta sani. Da aka watse, Mama Laraba ta kama hannuna ta ce, "Ɗana, mai gidan nan zai dawo fa, ko da ƙafarsa ko a kafaɗar mutane." Na ce mata ta je ta ji da cittarta. Ku ji wauta.

Baƙi suka fara ƙorafi wai ɗakin tsohon yana warin tsofaffin kaya. Na kwashe komai. Keken ɗinkin marigayiya matarsa, rediyo, da akwatin nan, duk na sayar wa 'yan gwangwan. Na san abin da ke ciki sarai. Ban buɗe ba ne don kada zuciyata ta yi mini surutu.

Da labari ya zo cewa Baba Bulus ya rasu, ko a jikina. Kun san mu a nan, gawa takan daɗe a asibiti ana jiran dangi da ɗinkin anko. Na ce akwai lokaci, na ba wasu 'yan biki daga Abuja gidan. Ashe tsohon ya bar wasiyya kada a ajiye shi a firji kamar kifi. Sai waya ta shigo, Sista ce: sun taso daga Kaduna da gawa har sun wuce Kachia, in buɗe tagogi, Baba zai kwana a ɗakinsa kafin jana'iza.

Na roƙi baƙin nan har da durƙuso. Babbansu ya ce sun biya, ba inda za su. Motar gawa ta iso, matan zumunta na majami'a suna biye da waƙa, suka tarar ana gasa nama a tsakar gida, 'yan mata na rawa. Akwatin gawa ya zauna a mota, a rana, a ƙofar gidan da aka gina masa. Mama Laraba ce ta share falonta aka shigar da shi.

Sista ba ta zage ni ba. Ta ce, "Yaya, bar maganar gida. Kawo mini rigar Baba." Dole na faɗa mata na sayar da akwatin. Da aron kwat ɗin surukinsa aka binne shi, hannun rigar ma bai kai masa ba.

'Yan'uwanta maza suka kai ni wurin 'yan sanda, kotu ta ɗaure ni kan cin amana da sata. A gidan yari ba sauro ko tuwon ne ya fi damuna ba. Hular nan ce. Na yi ta tunanin kan wa take yanzu.

Da na fito na je gaban ikilisiya na tuba, Sista ta ce ta yafe. Na gode wa Ubangiji. Amma ko famfon bayan gida ba mai kirana in gyara, sai dakon buhun citta nake yi da wannan tsufan.

Abin da ke ba ni haushi, yanzu ma ina jin ku kuna zagin mai unguwa, wai dokarsa tana hana ku cin abinci. Wane abinci? Unguwa wurin kwanan mutane ce, ba tasha ba. In gidan naka ne, kai baƙonka a gan shi, ka rage kiɗa. In ba naka ba ne, tambayi mai shi, in ya ƙi ka haƙura. Makullin da aka ba ka ajiya ne. Mai shi yana hanya, kuma ba lallai ya kira ka kafin ya wuce Kachia ba.