Itacen da Ya Gagari Maharazu

Malam Maharazu masassaƙi ne a Pauwa, maƙwabcina na shekara ashirin da wani abu, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ba shi da tsawo, ba shi da yawan magana, ba shi da haƙoran gaba guda biyu. Abin da yake da shi sanin itace. Ka miƙa masa ɓallin itace idonsa a rufe, ya shinshina, ya ɗan tauna, ya ce maka ƙirya ce, ta bakin rafi kuma. Ganye bai taɓa damunsa ba. Yakan ce ganye riga ce, sai gizago ya shiga ake sanin asalin itace.

Da kuɗin mai suka shigo ƙasa, sana'arsa ta fara ja da baya. Injin niƙa ya zo, mata suka rage daka. Kwanuka masu fenti da robobi suka kori akushi zuwa bayan ɗaki. Samarin da ke sayen ƙotar fartanya suka tafi birni leburanci. Abin da ya rage wa Maharazu a garin bai wuce magana ɗaya ba: in aka yi gardamar itace, a ce a tambaye shi. Ban taɓa jin ya ce bai sani ba, kuma tsakani da Allah ban taɓa kama shi da ƙarya ba.

Shi da matarsa ɗansu guda ne, Harisu. Bayan yaƙin basasa ya bi mota zuwa Kudu neman aiki a tashar jirgin ruwa. Sau ɗaya ya aiko wani direba da rediyo, da turmin atamfa, da wasu 'ya'yan itace biyar a ƙunshin takarda. Mahaifiyarsa Barakatu ta shanye, ta binne ƙwallayen kusa da inda take wanke-wanke. Ɗaya ta tsiro. Wasiƙa biyu suka biyo baya, daga nan shiru, har yau.

Barakatu ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta dai kewaye tsiron da ƙaya saboda awaki, ta riƙa ba shi ruwa ko a shekarar fari, lokacin da mu kanmu muke auna na sha. A shekara ta shida ya yi 'ya'ya. Sun fi 'ya'yan tsada girma, ja suke farawa su koma baƙi, ga tsami ga zaƙi, ƙwallo ɗaya a ciki. Ba ta sayarwa. A inuwarsa take tsifa, a nan take tsince wake.

Wata la'asar muna zaune a ƙofar masallaci, Alhaji Sanusi, wanda bai daɗe da samun kwangilar kwalbati ba, ya gama shan 'ya'yan itacen da aka ba shi, ya juyo yana suɗar yatsa.

"Malam Maharazu, iccen ga na gidanka, mi ne ne sunanshi?"

Kowa ya zuba masa ido. Maharazu ya duba ƙasa, ya gyara hula.

"Zan hwaɗa maka," in ji shi.

Washegari ya ɗaure 'ya'yan a gefen rawani ya shiga yawo. A kasuwar Kankara masu tallar kanya da magarya suka ce tsada ce. Ya ce tsada tana da ƙaya. A Faskari wani tsohon makiyayi ya ce ɗinya ce ta samu taki. Maharazu ya sassaƙa ɗinya fiye da yadda makiyayin ya sha inuwarta, don haka ya yi gaba abinsa. A Sabuwa ya samu wani malamin gona mai babur sabo. Malamin ya buɗe littafi, ya rufe, ya ce a bar samfur za a aika Zariya a bincika. Suna cikin magana malamin ya shanye samfurin.

Da ya dawo sai ya koma ga abin da ya iya. Ya sare ƙaramin reshe, ya fere, ya shinshina, ya ce reshe yaro ne, bai san komai ba. Bayan mako ya sare wanda ya fi shi kauri. Ta kan katanga na ji Barakatu tana cewa, "Malam, iccen ga ko babu suna shina ba da inuwa." Ya ce ya ji.

Alhaji Sanusi bai sake tambaya ba, ina jin ma ya manta. Maharazu ne ya daina zama a ƙofar masallaci, yana sallamewa sai gida. Ya rame. Na ce masa ya ƙirƙiro suna kawai, wa zai ƙaryata shi? Ya dube ni kamar na ce ya sha giya.

Ranar da Barakatu ta tafi Yargoje sunan jikar yayarta, da hantsi na ji gatari. Sara ne na gindi, kowa ya san ƙararsa. Na zaga da sauri, na tarar an wuce rabi.

"Malam, lahiya?"

"Zuciyar iccen nika son gani," ya ce, bai ɗago ba.

Itacen ya faɗi da ɗanyun 'ya'yansa. Maharazu ya tsaga gindin, ya sa gizago a tsakiya, ya shinshina, ya tauna, ya jiƙa da ruwa, ya ƙona ɓalli ɗaya ya shaƙi hayaƙin. Yana nan zaune a rana har aka kira azahar. Na so in zage shi, amma tausayinsa ya fi ƙarfina.

Bayan kwana uku Barakatu ta dawo da ƙullin kayan suna a ka. Ni na taya ta sauke kaya daga mota, shi ya sa ina wurin. Ta tsaya a tsakar gida tana kallon kututturen, ba ta ko ajiye ƙullin ba. Maharazu ya taso daga bakin ɗaki.

"Barakatu, yanzu na tabbata," ya ce. "Ban san shi ba."

Ta juyo ta dube shi. Sannan ta sauke ƙullin a hankali.

"Malam, wannan ai da shina tsaye ma kana iya hwaɗi."