Sabar da Malam Ya Lulluɓe

Shekara biyu na yi ina hawa unguwar Nassarawa da na'urar ɗaukar hoto, ina kwafe littattafan wani tsohon malami shafi bayan shafi. Rubutun hannun kakanninsa ne, na fiƙihu da waƙoƙin ajami. Na zuba su a saba, wato babbar kwamfutar makarantarsa, cikin wata ƙaramar kwamfuta marar jiki da na gina a cikinta. Da damina ta gaba ruwa ya rusa ɗakin littattafan, takardun suka zama kunu. Abin da ke cikin sabar kaɗai ya rage.

Ina wani aiki a Argungu sabar ta fara mutuwa da kanta, ta yi minti ashirin ta ɗauke. Maimakon a jira ni, sai surukin Malam ya ce shi ma injiniya ne. Na san shi sarai. Mutum ne mai rataya filas uku na ajiyar bayanai a wuya kamar layu, wanda duk ilminsa bai wuce sa wa waya waƙoƙi ba. Ciwo kowane iri, maganinsa ɗaya: a goge, a sake ɗora babbar manhaja. Har yau in na tuna shi sai na yi tsaki.

Sau huɗu ya ɗora, sau huɗu tana mutuwa a tsakiyar aikin. Kowane karo na'urar tana tambayarsa da manyan haruffa ko ya yarda a shafe faifan ajiya, shi kuwa yana danna e, don karatu ɓata lokaci ne a wurin gwani.

Da na iso da hantsi ya tare ni a ƙofa yana wasa da makullin mota.

"Injin ɗin ga na jabu na. Ni dai na yi bakin ƙoƙarina."

Na shiga na tarar da sabar naɗe cikin koren mayafi mai kauri, an ɗaure da zare, ramukan iska duk a toshe. Na taɓa ƙarfen, zafi kamar murfin tukunya. Malam ne ya naɗe ta bayan ambaliyar, don a gidansu ba a barin littafi tsirara. Wannan ban ga laifinsa ba. Amma a ce mai kiran kansa injiniya ya kwana uku gaban na'ura mai huci bai ɗaga zane ba! Makaho ma da ya ji zafin.

Na kwance mayafin, fankokin cikinta suka sami numfashi, manhajar ta hau lafiya lau. Na yi kwana biyu ina tonon faifan ko zan tsinci wani abu. Shafi goma sha ɗaya na samu, rabinsu a yage. Kwafi na biyu kuwa, wanda na yi ta cewa zan yi in na sami sarari, ban taɓa yi ba.

Malam ya shigo bayan la'asar, ya tsaya nesa da sabar kamar yadda ya saba.

"Ɗana, abin da munka sa ciki, yana nan?"

"Allah gafarta Malam, babu."

Ya daɗe yana kallonta. Na miƙa masa mayafin, na fara bayanin iska da zafi. Ya ɗaga hannu.

"Bari. Yanzu mi za a ruhe?"

Ya ninke shi huɗu, ya sa a hammata, ya fita alwala.