Matar Roba Ta Mutu Sau Huɗu

Na sha wuya a kan karatun yarinyar nan. Babbar 'yata ce, ta gama sakandare ta ce ita ungozoma za ta zama. Ni ban wuce aji uku na firamare ba, amma a kaina zaɓin ya faɗo, tunda ni zan biya.

Makarantu biyu ne. Ɗaya wajen Kumbotso, mai sauƙi, shinkafar rani guda ta ishe ta. Ɗayar cikin birni, a jikin wani asibiti, ita kuwa sai na ba da jinginar gonata ta bakin kanal har shekara uku. Gonar nan ita ke ciyar da mu.

Mu a nan ba ka karɓar gona sai ka je ranar da ake sakin ruwa. Akwai kanal mai siminti fes wanda ruwa bai taɓa kaiwa ƙarshensa ba. Shi ya sa da masu sauƙin suka ce mu zo Asabar, sai na ɗauki yarinyar muka je Talata da hantsi.

Fenti sabo. Gadaje a jere an shimfiɗa zannuwa, ko katifa ɗaya ba ta lotsa ba. Babu warin magani, babu ko ƙuda. Ƙarar takalmina kaɗai nake ji.

A ɗakin ƙarshe muka tarar da 'yan mata cikin fararen kaya sun kewaye gado, shiru. Mace ce kwance a kai, an ɗaura mata atamfar da ta sha wanki. Na yi sallama na kau da kai. Sai da malamarsu ta ɗaga fatar cikin kamar murfin tukunya na gane roba ce. Idonta a buɗe, yana kallon ƙofa, daidai inda nake tsaye.

"Kin makara, ta mutu," malamar ta ce wa wata ɗaliba. "Mayar da jaririn a sake."

Aka cusa ɗan robar, aka rufe cikin.

Na ce, "Malama, sau nawa take mutuwa?"

"Yau dai huɗu, Baba. Ba ta ƙorafi."

'Yan matan suka yi dariya ƙasa-ƙasa.

"Mata na gaske fa, ina suke?"

"Muna kan magana da wani asibiti."

"Tun yaushe?"

Sai ta sunkuya tana gyara wa robar zane.

A mota 'yata ta ce, "Baba, nan ɗin ma ya isa. Kada ka taɓa gonar." Ni kuwa hannunta nake kallo. Wata rana matar ƙauyenmu ce za ta kwanta a gabanta, ita kuma ba a mayar da jaririnta a sake.

Ran Alhamis na je ta birnin. Tun daga tsakar gida nake jin wata na salati cikin naƙuda. Wari ya cika ko'ina. Wata ɗaliba, gaban rigarta duk jini, ta ture ni ta wuce. "Baba, matsa mana." Ban ji haushi ba.

Washegari bayan asuba na tafi gona, na buɗe wa albasa ruwa, na tsaya har ya kai kunyar ƙarshe. Sannan na kira maƙwabcina, wanda ya daɗe yana sa wa gonar ido, da shaidu biyu.

"Shekara uku," na ce masa. "Albasar dai ka bari in cire."