Ruwan Bahago

Da sanyi ya kama a Agadas, kakarmu Inna Ramatu takan jawo murhun gawayi ƙofar ɗakinta bayan sallar isha'i, mu jikoki mu kewaye ta muna ture juna. 'Yar makiyaya ce, a duwatsun Abzin ta girma tana bin awaki, kuma har ta rasu ba ta yarda birni wurin zama ne ba. Tatsuniyoyinta duk da dariya ake tashi, ban da guda ɗaya.

"Ku matso, ga wata ta zo muku," in ji ta. Mu ce ta shigo mu ji.

Wai akwai wani ruwa a cikin kogon dutse, kan hanyar da makiyaya ke hawa da rani. Ba a ganinsa daga hanya, da kunne ake samunsa. Da asuba makiyayi zai tsaya cik, ya ji inda kurciyoyi ke kuka da inda kwaɗi ke amsawa, ya bi da dabbobinsa. Shi ya sa ba a farauta a bakinsa, ko tsuntsu ba a jifa. Sai wani Bahago, da dila ya cinye masa ɗan akuya, ya zuba guba a mushe ya ajiye a bakin ruwan. Dila ya mutu, angulaye suka mutu, ruwan sama ya wanke sauran cikin kogon, kurciyoyi da kwaɗi suka ƙare. Shekara ta zagayo, wani yaro Ilu ya hau da awakinsa yana ta kasa kunne, dutse ya yi masa shiru. Ƙishirwa ta kashe shi, ruwan yana bayan dutsen da ya jingina da shi.

Mukan tambaya, "Inna, me ya sami Bahago?"

"Ba komai. Ya tsufa, ya yi ƙiba, ya mutu a kan shimfiɗarsa." Sai ta soki garwashi da tsinke. "Ni dai ban yafe ba. Ku riƙe sunan."

Sai da na girma mahaifiyata ta gaya mini Ilu ƙanen Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Bara na shiga aikin wata ƙungiya da ke bin tsofaffin hanyoyin kiwo tare da makiyaya, muna ɗaukar kukan tsuntsaye da na ƙwari, muna sa kowane wuri a taswirar waya da sunan da mutanensa ke kiransa, wanda ya taɓa sunan ya ji sautin wurin. Wata asuba muka kafa na'ura a bakin wani kogo. Iska kawai ta ɗauka, da ƙarar takalmanmu. Dattijon da ke mana jagora ya ce, "Nan ne Ruwan Bahago. Tun iyayenmu ba mai shayarwa a nan."

Raina ya ɓaci kamar jiya aka yi abin.

Abokin aikina Sani ya saurara ya ce, "Babu komai a ciki, Hadiza. On efface?"

Na ce kada ya kuskura ya goge.

Da ina yarinya na ɗauka Inna tana koya mana tausayin tsuntsaye ne. Yanzu na gane ƙara ta kai, ba ta sami alƙali ba sai mu. Malamai sun ce yafiya ta fi, ban musa ba, amma ba ni aka yi wa ba balle in yafe. Yau duk wanda ya buɗe taswirar nan, har jikokin Bahago da ke zaune a garin nan, zai taɓa sunan kakansu ya saurara, ya ji abin da Ilu ya ji.