Sunan da Baba bai rubuta ba

Shekara goma sha biyar ke nan da muka kai Baba makwancinshi a Urafane. Lokacin soja ke mulki, damina ta ƙi, tiyar hatsi ta fi ƙarfin talaka. Yau ma da nake wannan rubutu soja ke mulki, tiya kuwa ku je kasuwar Mayahi ku tambaya da bakinku. Mutane in sun tashi tuna mamaci sai su yi ta zuba yabo kamar ana rabon goro. Ni ba yabo ya kawo ni ba. Ina son ubana, Allah ne shaida, amma har yau in na tuna yadda ya mutu sai raina ya ɓaci, kuma shi kanshi yana cikin waɗanda nake jin haushi.

Ni ba ɗan boko ba ne. Aji biyu na yi a kwalej na tsere, don zama wuri guda ciwo ne gare ni. Yanzu gyaran moto, wato babur, nake a Mayahi. To wanda ya ga maganata ta karkace ya yi haƙuri, yadda nake faɗa a gareji haka zan faɗa a nan.

Sunan Baba Malam Illa. Malamin gona ne na gwamnati, irin masu yawo ƙauye-ƙauye suna koya wa mutane feshin wake da adana iri. Muddin yana aiki akwai wata takarda da ake ba shi daga biro, wato ofishinsu, in shi ko iyalinshi ba lafiya a kai ta likita, wato asibiti, gwamnati ta ɗauki mafi yawan kuɗin. Mu yara ba mu san darajarta ba, takarda ce dai cikin akwati. Sai aka zo aka ce ma'aikata sun yi yawa, albashi ma sai ya yi wata da watanni bai fito ba, wanda ke so ya karɓi kuɗin sallama ya kama gabanshi. Baba ya gaji da jiran albashi, ya karɓa tun shekarunshi ba su kai ba. Ya sayi injin niƙa ya kafa a Urafane. Ran da ya sa hannu ba wanda ya ce mishi, Malam, ka san fa takardar nan ta likita ta bi kujera? Sai da ƙanwata ta kwanta da masassara ya je biro karɓa, aka ce mishi ai kai yanzu mai zaman kanka ne.

Abin da zan yaba mishi guda ne: bai naɗe hannu ba. Ya shiga mota har Maraɗi wurin masu asurans, waɗannan da kake biya duk shekara in ka yi ciwo su biya maka. Ya sa babbar rigarshi ta salla. Da ya dawo yana ba Inna labari ina jin shi. Wai yaron da ke bayan tebur ya tambaye shi takardar albashi, ya ce babu. Ya tambaye shi wane kamfani yake yi wa aiki, ya ce injina. Ya tambayi shekarunshi, ya faɗa, yaron ya danna na'ura ya juyo da ita. Baba ya ce, "Ɗana, wannan kuɗin asurans ne ko kuɗin sayen likitar gaba ɗaya?" Abin da suka nema a shekara, ko injin ya kwana yana niƙa daga kaka zuwa kaka ba ya kawo shi. Ya dawo da ƙasida mai hoton wasu mutane suna dariya. Inna ta riƙa fifita wuta da ita.

Bayan 'yan shekaru aka kawo mutuwel garinmu. Asusu ne na gari: kowane kai a biya mishi ɗan abu sau ɗaya a shekara, bayan kaka, in mutum ya kwanta asusu ya biya magani, ya biya motar da za ta kai shi babban asibiti, in aiki za a yi mishi ya ɗauki rabi. Mutanenmu suka ce adashen ciwo. Wasu suka ce wanda ya biya ma ciwo kuɗi ai kiran shi yake. Wasu suka biya shekara guda, da ba su yi ciwo ba suka dawo a ba su abinsu. Baba ne ya riƙa bin masallatai da bakin kasuwa yana bayani, da irin bakin da ya saba koya wa mutane feshi. Mata in sun kawo niƙa sai sun sha wa'azin mutuwel kafin su karɓi garinsu. Shekara biyu muna ciki mu duka bakwai: shi, Inna, kakata, ni, da ƙannena uku.

Sai shekarar fari ta zo. Hatsi ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Mai injin niƙa kuwa in rumbu ba kome shi ma ba kome, injin ya yi shiru kamar an yi mishi mutuwa. Da lokacin biya ya yi, Baba ya tattara abin da ya tattara, ya ishi kai shida. Mu bakwai ne.

A nan ne ya yi abin da har yau ban yafe ba. A gidajenmu akwai wata ɗabi'a da kowa ya sani ba wanda ke faɗa. In shekara ta yi muni, maigida in an kai mishi akushi sai ya taɓa gefe ya turo, ya ce ya ci a waje. Ƙarya ce, kowa ya san ƙarya ce, yara su cinye. Haka kakanshi ya yi, haka ubanshi ya yi, haka muka ga Baba yana yi duk wannan rani. Babba juji ne, in ji mutane. To wannan ɗabi'ar ta akushi ita ya ɗauka ya kai teburin mutuwel, kamar ciwo ma tuwo ne da za a bar wa yara.

Habsu, matar da ke rubuta sunaye, ita ta ba ni labari daga baya. Ta ce da ta ƙidaya hotunan da za a liƙa a kundi da kati sai ta ɗaga kai.

"Malam Illa, shida na gani. Ina naka?"

"Sa yaron nan mai moto." Ko sunana bai kama ba, don ni ɗan fari ne.

"Lawali? Ai Lawali ƙarfe ne. Kai ne ka haura hamsin."

"Ƙarfen da ke yawo bisa ƙarfe? Sa shi. Ni baɗi in Allah ya ba da damina kin gan ni."

Shekarata goma sha takwas lokacin, ina kabu-kabu tsakanin Urafane da Tasawa, ban san me ake ciki ba. Abin da na sani shi ne na nemi kuɗin taya ya hana ni, na yi kwana uku ina mishi fushi, ina cewa ya kwashe kuɗi ya kai wa adashen ciwo. Ashe kujerarshi nake zaune.

Kuma ya san yana da ciwo. Wannan ne ke ƙona ni. Ƙaba ce da shi, mai saukar da hanji, ta shekara da shekaru, yana ɗaure ta da tsohon rawani ƙarƙashin riga. Majo, babban ma'aikacin likitar garinmu, ya sha gaya mishi ya je a yi mishi aiki. Amma ciwo ne na wurin da dattijo ba ya faɗa gaban ɗiyanshi, sai ya yi ta cewa baɗi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, shi kuwa ya ɓoye har ranar wankan ƙarshe.

Da bazara aka kawo masarar taimako, injin ya samu aiki. Baba don murna shi ke ɗaga buhu da kanshi. Wata safiya ya ɗaga guda, ya durƙushe. Muka ɗora shi bisa amalanke zuwa likita. Majo ya duba ya ce hanji ne ya shaƙe, sai babban asibiti, kuma yau, ba gobe ba. Na ce to a kira mota, ai muna cikin mutuwel. Habsu ta buɗe kundi ta ƙi kallona. Na ga Inna, na ga kakata, na ga ƙannena, na ga kaina da hula a karkace. Na ce ku ɗauki nawa ku ba shi. Ta ce, "Lawali, hoto ne a jiki." Ba laifinta ba ne, kuka take.

Motar marasa lafiya ba ta tashi sai an zuba mata man gazuwal, asibiti ba ya taɓa mutum sai an sayi kayan aiki. Na tura moto ina neman mai saye. A shekarar da kowa ke sayar da akuya da tabarma, wa zai sayi moto? Wuni guda da rabi na yi ina yawo kafin wani ɗan kasuwa ya karɓa a kuɗin da in na faɗa sai ku tofa. Da muka isa, likitan ya duba ya girgiza kai, ya ce da jiya ne. Kalma uku. Har yau in na ji wani ya ce "da jiya ne" ko a kan tayar moto, sai na ajiye sufana na fita waje.

Na san masu cewa kwana ya ƙare. Na yarda, ni Musulmi ne. Amma Allah da ya ƙaddara mutuwa shi ya ce mu ɗaure raƙumi. Wurin zaman makoki mutane suka yi ta cewa Malam Illa namiji ne, ya fifita iyalinshi bisa kanshi. Na zauna ina jin su ina cizon leɓe. To ga abin da fifitawar ta haifar, tunda su ba su tsaya sun gani ba. Da kaka ta zagayo ba wanda zai biya mana, mu shidan duka muka fita daga kundi. Aka sayar da injin. Ƙannena mata biyu suka bar lakwal, karatu ya ƙare. Kakata ta bi ɗanta kafin shekara, da tarin da magani kaɗan zai tsayar. Ya tsare rassa ya bar gindi, gindi ya faɗi da rassan duka.

Wani lokaci ina zaune gareji sai in ce, da Baba zai leƙo yau me zai gani? Zai ga kowa da waya a hannu, ana aika kuɗi daga Tasawa zuwa garin Sarkin Hausa kafin ka haɗiye yawu. Zai ji a rediyo ana cewa kula da lafiya haƙƙin kowa ne, kamar yadda ya ji a zamaninshi. Sannan zai ga ɗanshi ya sa rigar salla ya shiga mota zuwa Maraɗi, an tambaye shi takardar albashi. Wallahi na je. Teburin ya canza, na'urar ta ƙara kyau, tambayar tana nan yadda ya bar ta. Ƙasar da kusan kowa manomi ne, ko tela, ko mai shayi, ko ɗan kabu-kabu, amma an tsara abin don mai albashi kaɗai. Mai kaki yana da asibitinshi, mai biro yana da takardarshi. Wanda ya ajiye aiki da wuri da wanda bai taɓa samun aikin ba, su je su ji da Allah. Mutuwel ɗin garinmu kuwa ta mutu tuni, don an sa biya bayan kaka, a ƙasar da kaka ke zuwa in ta ga dama. Ba wanda ya zauna ya ce, to shekarar da ba a yi kaka ba fa? Ai ita ce shekarar da ciwo ya fi yawa.

Bana mu masu gyaran moto da 'yan kabu-kabu na Mayahi muka kafa namu asusun, biya kaɗan-kaɗan duk ranar kasuwa, kada mu jira damina. Ban ce zai ɗore ba, na ga wanda ya fi shi ya rushe. Aka miƙo mani takarda in rubuta mutanena. Mu shida ne: ni, matata Tsahara, Inna, ɗana na fari mai sunan Baba, da ƙanana biyu da ba su kai shekara biyar ba. Ƙarfina kai huɗu ne. Ƙananan an ce maganinsu kyauta ne a likitar gwamnati, ko da yake duk uba ya san kyautar nan wata rana takardar sayen magani ce kawai. Na daɗe riƙe da biron rubutu. Na ji hannuna yana son ya turo akushi.

Na rubuta sunana a layin farko.

Abokan gareji suka yi mani ca, wai Lawali ya sa kanshi ya bar jarirai. Na ce su faɗa. Da na kai wa Inna labari ta dube ni, ta ce, "Ubanka da ba zai yi haka ba."

Na ce, "Shi ya sa ba ya nan, Inna."

Ban taɓa gaya mata magana mai nauyin wannan ba. Ta ci gaba da tsince wake. Can ta ce, "To cire ni ka sa auta, ni na ci zamanina." Na ce mata a gidan nan ba mai ƙara cewa ya ci a waje. Na daina sigari, na rage shayi, kafin salla ƙananan ma za su shiga in Allah ya yarda. Amma ba mai fita don wani ya shiga.

Me ya rage na Malam Illa? Injin yana wani gari yana niƙa wa wasu. Rigar sallar ni ke sa ta. Tsohon katin mutuwel yana cikin akwatin Inna, hotona na nan inda nashi ya kamata ya zauna. Na gaji naci daga gare shi, shi ya koya mani cewa rigakafi ba kiran ciwo ba ne, tun kowa na mishi dariya. Wannan na riƙe. Kunyar da ta kashe shi kuwa na bar ta a Urafane, kusa da kabarinshi. Allah ya jiƙanka, Baba, ya sa ka huta. Ka ciyar da mu da rabonka, mun gode, amma da ka tambaye mu, da mun ce ka ci.