Daga Wutsiya Ake Fara Kogi

Juma'ar da ta wuce na sauke iyalin kafil ɗina, wato Balaraben da nake yi wa tuƙi, a kasuwar Souq Waqif, na shiga zagaye ina kashe lokaci, sai na bi ta gaban wani shagon tabarmi da aka yayyafa wa ruwa. Warin jiƙaƙƙiyar ciyawa ya bugi hancina, na tsaya cak kamar an kira ni da sunan yarinta. Kai da ba ka tashi a bakin ruwa ba toshe hanci za ka yi. Ni kuwa warin nan shi ne garinmu.

Koginmu ba wani babba ba ne, amma ƙauyuka uku yake ciyarwa, mu ne a kai. Abokiyar gabarsa kacala ce, doguwar ciyawar nan mai toshe hanyar ruwa har kwalekwale ya rasa inda zai bi. Kowace shekara bayan damina 'yan gayyar kogi ke fitowa da laujensu su share ta. Ba mai biyan su, ba wanda ya naɗa su. Kakana na wajen uba ne jagoransu, wani siririn tsoho mai ƙafafu duk tabon matsattsaku. Nakan yi masa tsiya in ce ruwa ya cinye rabinsa, yakan ce ai sauran rabin ma ya ishe ni kokawa.

Aikin ba na raggo ba ne. Tun hantsi za su shiga ruwa har ƙirji, su sunkuya su yanki ciyawar can ƙarƙashi don gindin ya nutse ya ruɓe; in ka yanke ta a sama, aski kawai ka yi mata. Mata na kan tudu da tukwanen kunu, mu yara muna jan tarin ciyawa zuwa gaɓa. Dokar Kaka ɗaya ce: daga ƙauyen ƙarshe ake farawa a hauro, yankinmu ya zo a baya.

Wata shekara ruwan sama ya ɗauke da wuri. Shinkafar Baba ta yi ciki, magudanar da ke kai mata ruwa ta toshe, ƙasa ta fara tsagewa, gonar nan kuwa ita ce abincinmu na shekara. Baba ya je ya durƙusa gaban Kaka ya roƙe shi a fara da yankinmu, bana kaɗai. Kaka ya saurare shi har ya gama, yana wasa laujensa.

"In ka buɗe kai wutsiya na toshe, ruwa kwanciya zai yi, kacala kuwa ruwan kwance take so," in ji shi. "Kuma ranar da na fara da gonar ɗana, ranar gayyar nan ta mutu."

Baba ya tashi ya fice. Ni kam na ji haushin tsohon nan har na daina cin tuwo a akushinsa. Amma washegari Baba ne farkon shiga ruwa a ƙauyen ƙarshe, yana saran ciyawa kamar ita ta yi masa laifi. Kafin su iso wajenmu rabin shinkafar ya ƙone. Ba zan yi maka ƙarya in ce wani ya kawo mana ko mudu ba. Shekarar nan Inna da hannu ɗaya ta riƙa ɗibar hatsi. Sai dai tun daga lokacin, duk sa'ad da gayya ta hauro, mutanen ƙauyukan ƙasa sukan biyo ta a kwalekwale su ƙarasa mana yankinmu, ba tare da an aika musu ba.

Kaka ya daɗe da rasuwa. Yau ina garin da ba shi da kogi ko ɗaya, ruwan teku ake tacewa, amma famfon ɗakinmu na unguwar Bin Omran bai taɓa ƙafewa ba. Wani lokaci nakan buɗe shi in ji kunya, don ban sari ciyawa ko ɗaya ba ruwa ya zo. A gida gayya tana nan. Ƙanena ne jagora, suna da takalman roba, suna kiran juna ta waya, har ledoji suke tsincewa daga ruwa. Ina alfahari da yaran nan.

Da yammar Juma'ar ƙanen nawa ya kira. Ya ce kogi ya ja baya, shinkafata ta yi ciki, wadda matata da yarana ke ci daga ita. Samari sun ce tunda Yaya yana nesa, babu mai yi masa ban-ruwa, a fara da tasa. Wallahi saura kaɗan in ce to. Sai na ji tarin Baba kusa da wayar. Ya tsufa, ido ya tafi, jira yake ya ji abin da zan ce.

Na ce, "Ku fara daga wutsiya."

Sai na ji Baba ya ce a ba shi wayar.

"Rabi zai ƙone, tun yanzu nake gaya maka," ya ce. "Amma ana rayuwa da rabi. Da shi na raine ka."